Na'urar Alhaji Sabiru a Cikin Leda

Alhaji Sabiru, dillalin fatu a Agege, ba ya cire wa sabon abu leda. Kujerun falonsa shekara tara suna cikinta. Da ya sa iyakwandishan, sai ya toshe tagogi kaf, kada sanyi ya tsere. Hayaƙin maganin sauro da warin fata suka rasa hanyar fita, matarsa Badiyya ta kama tari. Ya sayo na'urar tace iska, ya kunna ta, ruf cikin ledarta.

Badiyya ta ce, "Alhaji, ta ina za ta ja iskar?"

Ya ce, "So kike ƙura ta lalata min ita?"

Shekara biyu ke nan. Duk gidan, na'urar ce kaɗai lafiyarta ƙalau.