Sista Yaushe da Rediyon Matar Tela

Magana biyu na ji a kan mace ɗaya, kowacce tana ƙaryata 'yar'uwarta. A wajen dubiyar wani mara lafiya wata mata ta ce akwai wata nas a sashen gaggawa na babban asibiti da ke hana tsofaffi allurar nan mai narkar da gudan jini, wadda ake yi wa mai shanyewar ɓarin jiki. Wai da ta ga furfura sai ta ce a mai da shi gida. Can kuma a layin karɓar maganin hawan jini, wata ta rantse mini cewa wannan nas ɗin dai ita ke tura tsofaffi ga allurar, don a sallame su da wuri a sami gado. To wanne ke nan, mai hanawa ko mai turawa? Shekaruna sun kai inda maganar ta shafe ni. Da na ji matar na shirin ritaya, sai na bi sawu, tunda gani ya kori ji.

Sista Yaushe ake ce mata. Takan iso da safe masu shara ba su gama goge daɓe ba. Ta rataye jaka, ta daidaita agogon bango da na hannunta, ta tura gadon ɗaukar marasa lafiya ta ji ko tayar nan mai gardama ta gyaru, ta leƙa ɗakin hoton kai ta tambaya ko injin yana aiki yau. Sannan ta tsaya kusa da ƙofa, don kujerarta sai dai ta ajiye kaya. In aka shigo da mutum baki a karkace, hannu na reto, ba ta tsayawa ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki. Kalma ɗaya ce: "Yaushe?" Daga nan sunan ya samo asali, daga nan kuma aka fara cewa ba ta da tarbiyya.

Wadda ta warware mini zaren ita ce Inna, matar wani tsohon tela. Kwanaki suna gaba da mai gidan, saboda ta ɗauki almakashinsa na yadi ta yanke igiyar shanya. Ran da abin ya faru, ajiye masa karin kumallo ta yi a ƙofar ɗakin ɗinki ta juya. Wajen sha biyu autarsu ta shiga ta same shi a ƙasa, jingine da keken ɗinki, yana so ya yi magana harshe ya ƙi. Aka kira babban ɗan daga wurin aiki, aka sa tsoho a mota.

A hanya Babba ya shiga tsara musu abin faɗa, don shi ma ya ji jita-jitar.

"In an tambaya, shekararsa saba'in da biyar. Kuma a gabana ya faɗi, yanzun nan."

"Yaya, kai fa kana ofis," in ji Auta.

"Ke aka tambaya?"

Inna, da kan tsoho ke cinyarta, ta ce, "Saba'in da biyar, kai kana neman sittin? Yana wasan ƙasa ya haife ka?"

"Inna, ba ki san mutanen nan ba. In ya haura tamanin, ko kallonsa ba za su yi ba."

Suka isa. Sista ta dubi fuskar tsoho, ta ɗaga hannunsa na dama ta saki, ya faɗo kamar tsumma. "Yaushe?"

"Yanzu-yanzu," in ji Babba.

"Wajen sha biyu," in ji Auta.

"Tun safe ban..." Inna ta fara, ɗan ya harare ta, ta haɗiye sauran.

Kan Inna ya ɗaure. Ba ta san wace amsa ce za ta ceci mijinta ba, wacce ce za ta kashe shi. Sista ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa aka tura tsoho ɗakin hoto, ta ce wa Babba ya bi gadon tunda shi ne mai ƙarfi, ta sa Auta ta bincika jakar Inna ta zaƙulo duk maganin da yake sha, a ga ko akwai mai tsinka jini. Sannan ta kama hannun tsohuwar ta zaunar da ita a benci, nesa da kunnen 'ya'yanta.

"Mama, ba lokacin da aka same shi nake nema ba. Wa ya gan shi lafiya lau na ƙarshe? Allurar nan 'yan awoyi gare ta. In sun wuce aka yi ta, ta fi kusa da cutarwa. In kuma ba mu san lokacin ba, likita ba zai yi ba."

"'Yar nan, ni ban gan shi ba. Ba ma magana."

"Kin ji shi?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ya ce in rage rediyo."

"Yadda ya faɗa nake so."

"Ya ɗaga murya daga ɗakinsa ya ce, 'Mai kashe almakashi, rage mana wannan gwangwanin, mu ma muna da kunne.'"

"Bakinsa ras?"

"Ras. Har da tsaki."

"Me ake yi a rediyon?"

"Kiɗan fara labaran ƙarfe goma ne." Sai hawaye. "Ni kuwa na ƙure murya don ya ji haushi. Shi ya sa ban ji faɗuwarsa ba."

Sista ta dubi agogo ta miƙe. "Da ba ki kunna gwangwanin nan ba, Mama, da ba mu da abin kamawa. Taso."

Hoto ya nuna ba jini ne ya fashe a kai ba, jijiya ce ta toshe. Likita ya tambayi shekaru. Babba ya ce saba'in da biyar, Inna ta ce tamanin da 'yan kai, Auta ta dubi silin. Likita ya ce su daina wahalar da kansu. A da ana ja da baya da waɗanda suka haura tamanin, amma da aka ga yadda da yawansu ke amfana, sai aka koma duba mutum da lokacinsa da hotonsa. Babba ya tsaya baki buɗe: ƙaryar da ya sha wahalar shiryawa ba mai buƙatarta, ɗayar kuwa, ta cewa yanzun nan ya faɗi, da an yarda da ita a kan wani, da tana iya zama ajali.

Sista ce ta mai da bayanin likita yadda Inna za ta gane, ba ta kuma sa masa zuma ba. "Tana iya buɗe jijiyar. Tana iya ƙin yin komai. Wani lokaci kuma takan jawo zubar jini a kai, mutum ya tafi. Ban ɓoye miki ba."

"To magani ce ko ajali?" in ji Inna.

"Ta fi zama magani. Alkawari ne ba ni da shi."

Babba ya ce sai an ji ta bakin Baffa, ƙanin tsoho. Ya buga waya ba a ɗauka ba, ya sake bugawa. Sista ta juya agogon hannunta yadda Inna za ta gani. Inna ta dubi mijinta yana motsa leɓe ba sauti.

"Ajiye wayar nan, Babba. Mutumin da in bai yi faɗa ba abinci ba ya wuce masa, ka bar shi ba baki? A yi masa."

Aka sa masa ta jijiya. Sista ta ja kujerar nan da ba ta zama a kai ta dasa gefen gado, tana auna jininsa, tana sa shi ya matse yatsunta, har aka tashi aikin ranar ba ta tafi ba.

Ke ce mai tsayuwa a ƙofa, Sista. Ke kika yarda a ce ba ki iya gaisuwa ba, don kin san kowace ina gajiya da abin da take ci a kan mara lafiya. Ke kika gane cewa mai babbar murya a dangi ba lalle shi ya san abin da ya faru ba, kika koyi neman wadda ta yi shiru a baya. Kin zaunar da matar da kunya ta rufe wa baki, ba ki kuma ƙara mata nauyi a kan wanda take ɗauke da shi ba.

Na koma wurin masu jita-jitar. Ta farko, uwarta ce aka kai bayan an kwana ana shafa mata man zafi ana jiran ta warware, aka ce lokaci ya wuce. Ta biyu, mahaifinta aka yi wa allurar a kan kari, jini ya zuba, ya rasu. Kowaccensu abin da ta gani ta faɗa, fassarar ce tata. Da na gaya wa Sista abin da ake cewa, sai ta ce ta san su duka biyun, ta kuma tuna gadon da kowanne ya kwanta. Na tambaye ta ko in ni ce a gadon za ta ce a yi mini. Ta ce, "Hajiya, ki dai riƙa faɗa da wani kullum, don a san lokacin da kika daina." Har yau ban tabbatar ko wasa take yi ba.

Mun gode, Sista Yaushe. Allah ya sa hutun ya karɓe ki. Matasan da za su gaji ƙofar nan, ku gaji tambayar da haƙurin jiran amsarta. Mu kuma masu tsofaffi a gida, in baki ya karkace ko hannu ya saki, a bar shafe-shafe da jiran wane, a dubi agogo a kama hanya, a kuma faɗi gaskiya in an isa.

Sista ba ta taɓa hana kowa allurar ba, ba ta kuma taɓa tura kowa ba. Likita ke yanke hukunci, dangi su amince, ita lokaci take nemowa. Baba Tela yana tafiya da sanda. Hannun dama bai koma ɗinki ba. Bakinsa ya dawo, almakashin yana ƙarƙashin matashinsa.