Na Yi Wa Jikata Yayyafi Kamar Goro

Malam Edita, ni tsoho ne mai sayar da goro a kasuwar Daura, kuma har zuwa bazarar bara ina lissafa kaina cikin masanan garin nan. Aji uku na yi a firamare kafin mahaifina ya ce bokon ya isa haka, ya zaunar da ni gaban huhun goro. Da aji ukun nan nake yanke wa 'yan rumfarmu hukunci a kan komai, tun daga siyasar duniya har ciwon hanta, ba mai ja da ni, don bakina ya fi na kowa kaifi. A gida kuwa ba a rabe wasana da gaskiyata, ni kaina wani lokacin sai na tsaya na duba.

Ɗana na fari direba ne, bai cika zaman gari ba, matarsa da 'yarsu suna gidana. Da yarinyar ta fara tafiya sai muka ga tana karkacewa gefe ɗaya. Ni dai cewa na yi yanga amaryata take yi mini, irin tsokanar kaka da jika. Ashe ƙashin ƙugunta na hagu ne bai taɓa zama a gurbinsa ba tun haihuwa. Aka kai ta Kano aka yi mata tiyata. Ranar da aka dawo da ita na leƙa cikin motar, salati ya kuɓuce mini. An zuba ta cikin farin abin nan mai tauri da ake ɗaure karaya da shi, wanda mutane ke ce wa siminti, tun daga ƙirji har idon sawu, ƙafafu a wage kamar na kwaɗo, sai 'yar kafa da aka bari ta ƙasa saboda kashi da fitsari. Ba goyo, ba zama, ba wanka sai gogewa. Uwarta ce ke juya ta, ta tokare ta da matasan kai, ta cusa kunzugu ta cikin kafar nan da yatsa biyu, har ta rame ta koma rabi.

To, kun san zafin Daura kafin ruwa ya sauka, ga wuta ba ta zama. Yarinyar nan sai ta yi ta kuka tana kartar simintin da farce, tana cewa ƙaiƙayi. Da rana tsaka ake kawo mini ita zaure don ya fi iska, in yi ta fifita har kafaɗata ta gaji. Wata rana ina kallonta sai ilimina ya motsa. Na ce a raina, tun ina saurayi nake raya goro a cikin wannan zafin, ba da komai ba sai jiƙaƙƙen buhun algarara da yayyafi. In goro da ba ya magana ya ji daɗin haka, ina ga mutum? Na jiƙa buhu na matse, na lulluɓe simintin, na riƙa yayyafa ruwa da yatsu ina kaɗa mafici. Wallahi kafin a kira la'asar ta yi barci har da minshari. Washegari a rumfa na ba da sanarwa cewa likitoci sun iya yanka, amma ajiya sai ɗan goro.

Surukata yarinya ce mai kunya irin ta da. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa a durƙushe. Ita aka ja wa kunne a asibiti cewa ko ɗigon ruwa kada ya taɓa abin nan, ita ce kuma ta ji danshinsa da aka mayar mata da 'ya. Ba za ta iya tsayawa gabana ta ce Baba ka daina ba, sai ta kai maganar wurin tsohuwata, uwargidana. Ita kuwa tsohuwar, da muka tsufa muna tsokanar juna, ta leƙo zaure tana dariya, ta ce wai likitan goro an ce ya bar jiƙa 'yar mutane. Na ce mata wanka aka hana, wannan kuwa yayyafi ne, kuma wadda ba ta taɓa taka ƙofar aji ba ba za ta gane bambancin ba. Ta ce Allah ya shirye ni, ta koma ciki. Daga nan surukata ta daina turo yarinyar, kullum sai a ce tana barci. Ni da rashin ganewa sai in shiga da kaina in ɗauko ta. Na tuna surukata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta durƙusa ta ce Allah ya ƙara girma. Na ga idonta ja wur, na ce gajiya ce.

Wari ne ya fara, wani irin tsami-tsami, muka ɗora wa fitsari. Sai zazzaɓi ya biyo. Wata safiya na sa hannu zan ɗaga ta, babban yatsana ya nutse cikin simintin ta bayan ƙugu kamar na danna nunanniyar gwanda, ƙafar nan da aka ce kada ta motsa ta motsa a hannuna. Yarinyar ta tsala wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Uwarta ta fito ba ko ɗankwali, ta fizge ta daga hannuna, ta dube ni ido cikin ido ta ce na kashe mata ƙafar 'ya. Muka kama hanyar Kano.

A asibitin Kano da suka tsaga simintin, sai ga ɓarnar a fili. Audugar ciki ta yi baƙi da funfuna, fatar bayanta ta yi fari ta saɓule kamar dafaffen rogo, ga gyambo yana ruwa a gefen ƙugu. Wata nas ta hau surukata da faɗa a gaban jama'a, tana tambayarta ko ita wace irin uwa ce, ko a rijiya ta jefa 'yar. Surukar tawa ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ta gwammace a ce ita ce, da ta ambaci uban mijinta. Na miƙe na ce ni ne, na kwashe bayanin buhu da yayyafi na faɗa. Likitan ya cire tabarau ya ce in maimaita. Na jira ya yi dariya ko in samu sauƙi, bai yi ba. Ya ce in ƙashin ya fice daga gurbinsa sai an sake yanka ta, kuma aiki na biyu ba ya kai na farko kyau, tana iya ƙare rayuwarta da ɗingishi. Muka zauna jiran hoto. Ni da ba a rufe mini baki, ranar ko ruwa ban iya nema ba.

Allah ya taimake mu ƙashin na nan, a bakin fita amma bai fita ba. Aka yi jinyar gyambon, aka sake yi mata allurar barci, aka zuba sabon siminti, duk wahalar da uwarta ta riga ta sha aka koma farko. Yanzu tana tafiya, har da gudu, sai dai in ta gaji tana ɗan jan ƙafar. Likita ya ce sai ta ƙara girma za a san inda aka tsaya, kuma ba wanda zai iya rantsewa ko ruwana ne ya jawo ko da ma haka za ta yi. Kowace safiya ƙafar nan nake fara kallo kafin fuskarta.

Don haka duk mai yaro a cikin simintin asibiti, kada ruwa ya kusance shi, ko da sunan wanka, ko yayyafi, ko tausayi. In zafi ya dame shi, ga mafici ga inuwa. In kun ji wari ko kun ga laushi, ku koma asibiti a ranar. 'Yan uwana tsofaffi kuwa, ku bincika gidajenku ku ga ko akwai wanda ya isa ya ce muku a'a ba tare da ya rufe maganar da dariya ba. Ni na bincika ban samu ba. Na kira surukata a gaban tsohuwa, na roƙi gafararta, na ce daga yau duk abin da ya shafi lafiyar 'yarta ta faɗa mini kai tsaye, kunyar na yafe. Ta ce to, kanta a ƙasa, na ɗauka ba za ta iya ba. Shekaranjiya na ɗauko yarinyar zan ɗora ta a kan babur ɗin maƙwabci ya zaga da ita, sai na ji muryar surukata ƙarara daga madafa, wai Baba a sauke ta. Na sauke ta.