Matar da ke Bayan Shingen Gora

Tun kafin motocin Bangkok su fara gunaguni, Goggo Thongbai ta riga ta tashi. Takan kunna tsinken turare uku a ɗan wurin ibadarta, ta ɗora ruwan shayin Dattijo Evaristo, ta aske masa gemu, ta saka masa maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, yana ƙorafi tana ramawa. Daga nan sai ta rataya kwandonta, ta tare mai babur zuwa kasuwa. Shekara ashirin da shida haka take yi. Mu kuwa, 'yan Ajantina da ke zaune a wannan gari, sunan da muka san ta da shi bai wuce "mai aikin gidan Tsoho" ba. Ina rubuta wannan ne da kunya, domin ni ma haka na kira ta tun ina rarrafe har ranar Asabar ɗin bikin bana.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikinmu na watan Afrilu ya san yadda yake. Teburan giyar inabi ta Mendoza a jere ƙarƙashin rumfa, iyayenmu mata suna gardamar wacce ta fi iya naɗe bakin empanada, wato fulawar da ake cusa wa nama a gasa, masu rawar tango suna zuba gumi cikin baƙaƙen kaya a zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Amma duk wannan kwalliya ce. Abin da ke tara mutum ɗari uku shi ne naman, kuma naman na Dattijo Evaristo ne. Shi ya kunna wutar bikin farko, lokacin da mahalarta ba su fi cika tebur biyu ba. Matarsa ta rasu a nan, ba su haihu ba, gidansu na can ƙasarmu tuni ya zama na wasu. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: sa'ar da za a fito da haƙarƙarin bijimi, wani ya ɗaga murya ya ce, "A tafa wa mai gashi!" shi kuma ya fito daga bayan shinge ya cire hularsa.

Dokarmu kuma kowa ya haddace ta tun yana yaro: ba a taɓa wutar wani, ba a leƙa ta, ba a ba mai ita shawara. Da Tsoho ya sa aka kewaye wurin gashinsa da shingen gora, ya ce wuta ba ta son 'yan kallo, babu wanda ya yi tambaya. Dariya ma muka yi, muka ce halin manya ne.

Ashe shekara goma sha ɗaya ke nan Dattijo Evaristo ba ya iya kai cokali bakinsa ba tare da rabin abincin ya zube ba, saboda ciwon rawar hannu. Shekara goma sha ɗaya! Duk naman da muka ci muna lumshe ido, muna cewa sai ɗan Ajantina na asali, hannun wannan baiwar Allah ne ya gasa shi. Muna tafa wa wani, tana tsaye bayan gora tana goge toka daga gira.

Bayan abin ya fito na je kasuwa wurin Bang Dolah, mahaucin da ke ba mu nama, ina zaton zan ba shi labarin da zai gigita shi. Sai ya ajiye wuƙarsa ya dube ni kamar wadda ta zo ta sanar da shi cewa kogi jiƙe yake.

"'Yata, sai yanzu kuka sani? Ku dai 'yan ƙasarku akwai baki, ido ne babu. Shekara nawa Yaya Thongbai tana zuwa nan ta tsaya a kaina? 'Dolah, ba haka ba, bi ƙashin a tsaye. Dolah, ka bar masa kitsensa, ba naman asibiti na zo saya ba.' Ni da na gaji fawa wurin kakana, ita ta koya mini yankan ku. Je ki tambayi mai itace ma. Sai ta buga icen tsamiya biyu da juna ta saurara, in bai yi mata ƙara ba ta jefar masa da abinsa."

Mahaifiyata kuma, da na matsa mata, ta tuna wata shekara da ta ga Goggo da hannu naɗe da tsumma har gwiwa kwana biyu bayan biki. Ta tambaye ta, ta ce man suya ne. "Na yarda," in ji mahaifiyata, tana share ido da gefen mayafi. "Ban ko tsaya na ce wane man suya ne ke ƙona mutum a bayan dantse ba."

Bana ya kamata komai ya ƙare cikin rufin asiri. Likita ya riga ya gaya wa Goggo cewa hayaƙi ya taɓa mata ƙirji, kada ta sake kusantar wuta mai yawa. Sai suka shirya tsakaninsu: wannan ne gashin ƙarshe, Tsoho zai karɓi tafinsa, ya sanar da cewa ya ajiye wuƙa, ya koma gida da sunansa cikakke. Yini ɗaya tak ya rage mata ta kai shi gaci.

Ranar bikin, wajen ƙarfe biyu na rana, sama ta haɗe. Wanda ya san hadarin bazara a garin nan ya san ba ya sallama. Iska ta zo ta ɗage rumfar masu giya, kofuna suka tarwatse, kiɗa ya tsaya. Sai muka ji ƙarar karyewa, shingen gora gaba ɗaya ya kwanta ƙasa kamar an kwance masa ɗauri.

Na karanta labaran tonon asiri da yawa a littattafai, ban taɓa sanin cewa shiru yake zuwa da shi ba. Ga Dattijo Evaristo zaune a kujerar roba, hannuwansa biyu a cinya suna kaɗawa kamar ganye. Ga Goggo Thongbai, mace 'yar ƙarama da ba ta kai kafaɗata ba, ta ɗaure kai da tawul, riƙe da shebur cike da garwashi. Ba ta ko dube mu ba. Yayyafi ya fara sauka, ita hankalinta yana kan wutarta. Ta janye garwashin zuwa ƙarƙashin wani fallen kwano, ta sa kafaɗa ta juya rabin haƙarƙarin bijimi da ke tsire a ƙarfe, abin da maza biyu ke yi da nishi, ta yayyafa ruwan gishiri, ta miƙa tafin hannunta saitin wutar tana ƙirge da leɓe. Mutum ɗari uku tsaye cikin ruwa, baki buɗe.

Nestor, shugaban ƙungiyarmu, mutumin da ko a wurin jana'iza ba ya rasa abin faɗa, shi ne ya fara samun murya.

"Tsoho... yau kaɗai ne, ko? Ba ka jin daɗi ne ta kama maka?"

Ƙofa ya buɗe masa, Allah ya saka masa. Goggo kuwa ta yi wuf ta shige.

"Yau kaɗai ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Kaka ya tashi da zazzaɓi. Shi yake faɗa mini komai, ni 'yar aike ce."

Ta ajiye shebur, ta ɗauko babbar wuƙarsa mai ƙotar azurfa, ta danƙa masa, ta rufe hannunsa da nata biyu don kada mu ga rawar da yake yi. Ta ce a hankali, amma shirun ya kai mana maganar: "Tashi, Kaka. Ka yanka na farko, ina riƙe da kai."

Tsoho bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon hannuwan nan da suka rufe nasa.

"Sake ni, Saja," ya ce. Haka yake kiran ta, wai don ta fi sojan bariki ba da umarni. "Ƙarya ta isa haka. Har a gaban jama'a sai kin mai da ni jariri?"

"Jariri ai ya fi ka jin magana."

"Nestor, kai da tumbinka, matso ka ji da kyau. Ba yau kaɗai ba ne. Tun shekarar da aka haifi 'yarka ta biyu ban taɓa garwashi ba. Ranar da hannun ya ƙi, na ce zan fito in faɗa, ta ce in na faɗa kujera kawai za ta rage mini, kuma kujera kashe tsofaffi take yi. Ta ce, 'Kai ka zama baki, ni in zama hannu.' Shekara biyu na yi ina bakin. Daga nan ko bakin ba ta bukata, ta wuce ni." Ya juya wuƙar da ƙyar, ya miƙa mata ƙotar. "Ku tafa wa mai gashi, 'yan banza. Ga ta nan."

Da farko babu wanda ya tafa. Kunya ta riƙe mana hannu. Sai wata tsohuwa ta fara, sannan wurin ya ɗauka, har ya danne ƙarar ruwa a kan kwano. Maza masu furfura suna kuka a fili. Goggo kuwa ba ta sunkuya ba, ba ta yi murmushi ba. Tsohon take kallo, fuskarta kamar ta wadda ta ɗauko tulu daga nesa ya fashe mata a bakin ƙofa.

Nestor ya yanko tsoka mafi kyau ya kawo mata a faranti da hannu biyu. Ta ja da baya, ta haɗa tafukanta a ƙirji.

"Na gode, ranka ya daɗe. Ba na cin naman shanu."

"Yau ne ba kya ci?"

"Shekara talatin. 'Yata ta yi ciwo tana ƙarama, na yi alwashi in ta tashi na bar shi har abada. Ta tashi."

"To ta yaya kike sanin ya yi?"

"Ku da kuke ci da baki ku ne kuke bukatar ɗanɗano," ta ce. "Kitse in ya ɗiga yana magana. Ku ne dai ba kwa yin shiru ku ji."

Nestor ya zauna a ƙasa, cikin taɓo, da farantinsa a hannu.

Goggo Thongbai, ke ce kika ciyar da mu ƙasar da ba ki taɓa takawa ba. Ke ce kika mayar da iyayenmu gidajen yarintarsu da loma ɗaya, ke kuwa ko ɗanɗanon abin ba ki sani ba. Inuwar tsoho, mai ɗaukar kaya ba gammo. Mun shige ki sau dubu da kofi a hannu, mun miƙa miki faranti mai datti ba tare da mun dubi fuskarki ba. Muna taƙama da cewa gashi a jininmu yake, kuma aikin maza ne, shi ya sa ko a mafarki ba mu zaci ke ba. Ba shingen gora ne ya ɓoye ki ba, girman kanmu ne. Ki yafe mana.

Na je gidan bayan kwana uku, na same ta tana tari a bakin murhu. Na tambaye ta me za mu yi mata. Ƙungiya tana maganar lambar yabo, wasu suna cewa a sa wa bikin sunanta. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Me zan yi da lamba, 'yar nan? In dafa ta? Tun ranar Asabar bai fito falo ba, ya ce ya zama abin dariya. In da gaske kuke, ku zo ku gaishe shi. Ku tambaye shi yadda ake gashi, ko da kun iya. Ku bari ya yi muku faɗa."

Wannan shi ne abin da ta roƙa, kuma shi nake isar muku. Ita kaɗai ta riƙe mutuncin mutum ɗaya shekara goma sha ɗaya, da ƙirjinta ta biya. Mu ɗari uku ne, kada ya faɗi a hannunmu. Kuma kowa ya waiwaya gidansa da wurin aikinsa, ya duba wane ne ke tsaye a inda ba ma kallo, tun kafin iska ta nuna mana shi.

Ranar Lahadi mu bakwai muka je, Nestor a gaba da gawayi a kafaɗa. Muka kunna wuta a tsakar gida, da gangan muka yi ta ba daidai ba. Minti goma ba a yi ba muka ji ana jan ƙafa daga ɗaki.

"Wane jaki ne ya ɗora nama a kan harshen wuta?"

Ya zage mu tas, ɗaya bayan ɗaya, har kakannin Nestor bai bari ba. Goggo tana zaune nesa da hayaƙi kamar yadda likita ya ce, hannuwanta a cinya, babu abin da suke riƙe da shi. A ranar na fara jin dariyarta.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ƙirjinki lafiya.