Fokko da Layin da Ya Kumbura

Shekara talatin da huɗu Fokko Wubbena ya yi yana aikin kwastam a tashar jiragen ruwa ta Delfzijl, kuma babu matuƙin jirgin da ya taɓa jin ya ce "na yarda." In takarda ta ce katako ne a cikin akwati, sai ya sa an ɓalle ya gani da idonsa. In ya ga katakon, sai ya ƙwanƙwasa ya ji ko da rami a ciki. Ranar da ya ajiye aiki abokan aikinsa suka yi masa liyafa, ya dawo gida yana gaya wa matarsa Renske cewa murnar tasu ta yi yawa.

"Ina laifinsu?" in ji ta. "Ni ma da ana yin ritaya daga zama da kai, ai da na taka rawa."

A bayan gidansu na ƙauye akwai tsohuwar rumfar ajiye dankali. Fokko ya ɗora rufinta a kan tayoyi yadda zai riƙa tura shi gefe, ya kafa madubin hangen taurari a ciki. 'Yan ƙungiyarsu ta masu kallon sama hotuna suke ɗauka, masu ƙayatarwa, amma shi hoto bai taɓa burge shi ba. Cewa yake yi hoto ai bayan kwali ne, kowa yana iya yi masa fenti. Sai ya sayi wata 'yar na'ura da ke tsaga hasken da ya shigo madubin, ta shimfiɗa shi kamar bakan gizo, kwamfuta ta zana. Kowane sinadari da gurbin layinsa a wannan shimfiɗa, kuma daga layukan ake gane abin da ke ƙunshe a inda hasken ya fito.

Ya zaɓi gungu ashirin da bakwai na taurari, irin waɗanda haskensu ke shafe miliyoyin shekaru a hanya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya duk sanda gajimare ya sarara. Shekara shida babu wanda ya sauya. A kakar shekara ta bakwai sai ɗaya daga ciki, wanda ko suna ba shi da sai lamba, ya zo da baƙon abu. Layin sinadarin haidurojin ɗinsa, da Fokko ya saba gani siriri kamar allura, ya kumbura ya yi faɗi kamar tudu. Kundayen masana kuwa duk siriri suka rubuta.

Kansa ya fara tuhuma. Ya kwance na'urar, ya goge, ya mayar. Daga nan ya tuhumi maƙwabcinsa Siebe mai shanun madara, wanda bai daɗe da sa sabuwar fitila a garke ba.

"Kashe min ita na mako guda."

"Fitilata ce yanzu ta shiga sama?" Siebe ya tambaya yana dariya. "In saniya ta karye a duhu, kai za ka yi mata ɗori, Malam Kwastam."

Ya dai kashe. Tudun yana nan daram.

Dole ta sa Fokko ya nemi masu abin. Ya rubuta wa wata Dakta Marit Doornbos, malamar jami'a da ke nazarin irin waɗannan gungu, ya tura mata zanen. Sai dai bai faɗi wane gungu ba ne, bai kuma faɗi inda yake ba. Amsarta gajeriya ce: tana buƙatar wurin, da kwanakin, da ainihin abin da na'urar ta ɗauka kafin a taɓa shi.

"Kin ji ko?" ya ce da Renske, yana buga yatsa a tebur. "Ko gaisuwa babu. In na ba ta wurin, gobe ki ji shi a jarida da sunanta."

"Ka kai wa likita hoton ƙurji, ka ƙi faɗin jikin wa yake," in ji Renske. "Ko dai ka tura mata, ko ka daina ɓata min shan kofi."

Ya tura. Mako bakwai shiru. Kowace safiya sai ya bi jerin sababbin rubuce-rubucen masana yana neman lambar gungunsa. Ya daina zuwa taron ƙungiya don kada wani ya ja shi da hira ya yi suɓul da baka. Har ƙanen Renske da ya zo cin miyar wake ya tambaye shi ya sama take, sai Fokko ya ajiye cokali ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Wata Asabar da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata doguwar mace ce cikin rigar ruwa, da jaka a kafaɗa, ta sauko daga motar haya.

"Malam Wubbena? Marit Doornbos. Na zo ganin na'urar."

"Na'urar, ko ni?"

"Duka biyun."

Ba ta ko zauna ba. A rumfa ta ciro wata 'yar fitilar gwaji daga jakarta ta haska cikin na'urar, ta duba agogon kwamfutarsa ta gwada da nata. Ta tambaye shi yaushe ya kwance na'urar. Ya faɗa. Can an jima, tana duba wata waya, ta tambaye shi ko kafin ruwan nan na ƙarshen Oktoba ya kwance ta ko bayansa. Da suka shiga kicin Renske ta kawo kofi, sai ta sake kewayowa kan maganar ta wata ƙofa.

Fokko ya harzuƙa. Sai kuma ya tsaya yana kallonta. Tambaya ɗaya, riga uku. Haka ya riƙa yi wa matuƙa jirgi.

"Dakta, zargina kike yi na haɗa zanen nan da hannu?"

"Eh," ta ce kai tsaye. "Wani ya taɓa yi min haka. Saura kaɗan in buga, in ji kunyar duniya. Tun daga ranar ba na karɓar zanen kowa sai na ga inda ya fito."

Renske ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Wayyo ni! Ashe kuna da yawa."

Sai da suka kai la'asar a kan teburin. Cikin darare goma sha ɗaya da ya ɗauki hasken, Marit ta jefar da huɗu, don wani ƙaramin noti ya saki a lokacin bai lura ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya nemi ta nuna masa hujja, ta kuwa nuna masa. Bakwai ɗin da suka rage ta juya su ta ko'ina ta rasa inda za ta kama. Sannan ne ta gaya masa dalilin shirunta na mako bakwai: ta nemi a ba ta lokaci a wani babban madubi da ke kan dutse a wani tsibirin Sifen, an ba ta rabin awa a watan gobe. In tudun gaskiya ne, to wani dunƙule mai tsananin ƙarfin janyowa da ke tsakiyar gungun, wanda masana ke kira baƙin rami, shi ne ya farka ya fara haɗiyar iskar da ke kewaye da shi.

"In kuma ba gaskiya ba ne?"

"Sai in dawo mu nemo notin da ya rage."

Babban madubin ya ga tudun, ya ma fi yadda Fokko ya gan shi. Da bazara takardar binciken ta fito a mujallar masana da sunaye tara, nasa ne na biyu. Renske ta zaci zai yi murna ya huta. Ina! Ya buga shafukan a takarda, ya zauna da jan biro kwana biyar yana bin su lamba-lamba. A shafi na shida ya tarar an rubuta sha bakwai ga wata a inda littafinsa ya ce sha tara. Ya kira Marit tun kafin ta isa ofis, ya karanta mata layin sau biyu. Ta ce zai yiwu littafin nasa ne ya yi kuskure, ya ɗauki hoton shafin ya turo mata. Ya tura. Da yamma ta rubuto cewa za a gyara.