Kuskuren Yaya Sa'idu a Shafi na Huɗu

Shekara shida ke nan da rasuwar wana, Malam Sa'idu, malamin lissafi. Ni yadi nake sayarwa a Fagge, ilimina bai kai rabin nasa ba. Amma akwai abu ɗaya da na sani game da aikinsa, kuma yau zan faɗe shi ba tare da kunya ba.

Akwai wani kundin ilimi a intanet inda masana ke rubutu a kan lissafi, da aikin ƙwaƙwalwa, da yadda ake koya wa na'ura. Ba kowa ke tsoma hannu ba. In ka rubuta, sai wasu masana biyu da ba ka sani ba sun bi shi layi-layi kafin a fitar. Yaya ya shafe shekara biyu a kan maƙala ɗaya tak, wai lissafin yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo. Na sha yi masa tsiya cewa shafi tara a shekara biyu ai ko kunkuru ya fi shi sauri. Dariya kawai yake yi.

Ya aika da ita ke nan ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Bayan sadakar arba'in, abokiyar aikinsa Dakta Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, ta zo gidanmu a Rijiyar Lemo da amsar masu dubawa. Ta durƙusa ta gaida mahaifiyarmu, ta ce, "Inna, sun yaba aikin. Amma akwai kuskure a shafi na huɗu. In ba a gyara cikin wata uku ba, za su ajiye maƙalar. In kuma na gyara, kowa zai iya ganin inda ya kuskure, don kundin ba ya ɓoye tarihin gyara."

Inna ta ce, "Ba a tona asirin mamaci, 'yata. A bar shi ya kwanta."

Kawunnai suka goyi bayanta, ni ma na bi. Haka muka taso: wanda ya riga mu, alherinsa kaɗai ake ambata. Wata biyu cur ina ganin kiran Dakta ina kifa waya.

Rannan sai ga ta a shagona, ta sauko daga a-daidaita-sahu, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, mutanen nan ba leƙa masa ɗaki suka yi ba. Shi ya aika musu da hannunsa, ya ce a nemo masa kuskurensa." Ashe abin da muke kira rufin asiri, hana shi abin da ya roƙa ne. Na je na maimaita wa Inna, na ce ni a wurina wannan wasiyya ce. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce a yi.

Yau 'ya'yana waya suke tambaya komai, na'ura ta zubo musu amsa nan take, daidai ko ba daidai ba, murya ɗaya, babu mai sa hannu. Ban jin Yaya zai tsorata da wannan, ai lissafin da ke ƙarƙashin abin, irin nasa ne. Na dai tabbata zai karɓi wayar ya tambayi yaran, "Wa ya duba?"

Maƙalar tana nan, ɗalibai na karantawa, da sunansa a sama, da gyaran a fili. Ba na jin kunyarsa ko kaɗan, alfahari ma nake yi. Ranar da aka fitar, na nuna wa Inna a waya, duk da ba ta karanta boko. Ta ce, "An gyara masa?" Na ce an gyara. Ta shafa sunan da yatsa, ta ce, "To, kurakuran da ba mu gani ba, Allah Ya yafe masa."