Harouna Bai Gudu

Har gobe ban manta da ranar da aka cire mini Harouna daga ƙungiyar Madarounfa ba, kuma duk na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina mai horar da ƴan ƙwallon gunduma. Bayan girbin gero aka turo wani jami'i daga Maradi ya tantance waɗanda za su je gasar jiha. Ƙa'ida ita ce ni in kawo suna, shi ya sa hannu.

Ya zo da wasu ƴan na'urori, ya ɗaura wa kowa a damtse, wai su ƙirga gudun da ya yi. Ni kuwa awona na takarda ne. Duk sanda ƙwallo ta kuɓuce mana, sai in ɗiga inda masu tsaron baya huɗu suke, in duba tazarar da ke tsakaninsu. In Harouna na ciki, layin nan ba ya karyewa. Manomi ne daga Safo, ya saba jan layin gayya, inda ba a barin kowa ya wuce ko ya rage baya. Da murya da hannu yake jan sauran ukun.

Da aka tashi daga wasan gwaji, jami'in ya duba wayarsa, ya nuna Harouna ya ce mini, "Malam, wanga bai gudu. A cire shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi zai kora? Inda ƙwallo za ta faɗo yake tsayawa." Na miƙa masa takarduna. Ko buɗewa bai yi ba, fifita ya yi da su.

Muka je Maradi ba Harouna. Bayanmu ya watse, kowa na bin ƙwallo kamar kaji an watsa tsaba. Aka yi mana cin kaca. Muna fita daga fili jami'in nan ya tare ni da fara'a, wai in yi murna, yarana ba su taɓa gudu irin na yau ba. Wallahi da ƙyar na riƙe bakina.

Harouna bai yi mini ƙorafi ba. Ya kawo rigarsa a wanke, a ninke, ya tafi ci-rani Nijeriya, bai sake taka ƙwallo ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku yi awo, ban hana ba. Amma ni na ɗauki darasi: kafin in yarda da lamba, sai na cire mutum daga fili na ga abin da ya sami sauran goman.