Tagwayen Aji Uku

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka tura ni koyarwa wata firamare a bayan Aliero, hanyar Kashin Zama. Daga Jega nake tahowa kullum. Aji uku aka ba ni.

A ajin akwai tagwaye mata, 'ya'yan wani manomin albasa. Kamarsu ɗaya, sai dai babbar tana da wushirya. Haddar sau tare suke yin ta: babbar ta ce biyu sau uku, ƙaramar ta ce shida. Haka a hanyar rijiya, haka a aji. Na sha raba su, ɗaya gaba ɗaya baya, amma ko daga ina babbar ta jefo tambaya sai ƙaramar ta cafe. Daga baya na ƙyale su.

Da muka zo kan lambobin da ke raba wata lamba ba ragowa, na sa kowa ya tsinto tsakuwa goma sha biyu ya jera layi-layi daidai, kamar dashen albasa a fangali. Su biyun suka haɗe nasu wuri ɗaya, suka yi ta jerawa, uku-uku, shida-shida, takwas-takwas, suna gardama ƙasa-ƙasa har aka tashi.

Cikin bazarar nan sanƙarau ya shigo, aka rufe makaranta. Da aka buɗe, hedimasta ya shaida mini ƙaramar ta rasu a hanyar asibitin Jega. Na je ta'aziyya. Uban ya roƙe ni in bar babbar ta ci gaba da zuwa, don zaman gida cinye ta yake yi.

Ranar da muka koma kan hadda ban kira ta ba, da kanta ta miƙe. Ta ce, "Huɗu sau uku." Sai ta yi shiru, ta ɗan karkata kai gefen da 'yar'uwarta ke zama. Duk ajin sun san amsar, ba wanda ya buɗe baki. Ni ma ina tsaye, alli a hannuna. Da ta gama jira ta ce huɗu sau huɗu, ta sake jira. Haka ta bi layin har ƙarshensa, ta zauna.

Bayan an tashi na tambaye ta ko ta manta amsoshin ne.

"Ban mance ba, Mallam," in ji ta. "Ita ka hwaɗin su."

Kafin damina ta kankama aka kai ta wurin kakarta a Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama. Sau ɗaya na je duba ta, cikin hutu. Tsohuwar ta dama mini fura, ta ce yarinyar lafiya lau take, tana aiki, tana cin abinci, sai dai wani lokaci takan fara magana ta tsaya a tsakiya, kamar mai saurare. Da yarinyar ta dawo daga gona ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta riƙa addu'a, ta ce to.

Ban ƙara ganin ta ba. Ban ma san ko ta koma makaranta ba.